Ƙwaryar Irin da Muka Mayar Gida

A zamanin da ake rufe ƙofar garinmu saboda mahara, an yi fari a ƙasar Kafur, har irin dawa ƙwarya ɗaya kacal ya rage mana. Da ruwan farko ya sauka, kowa ya fita shuka. Bayan azahar na bi Baba gona, shi da sungumi, ni da ƙwaryar a ka.

Baba ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu. Bai yi zurfin yatsa ba sai ga busasshiya. Ya damƙo ta ya zuba mini a tafin hannu, na ji ta da ɗumi kamar toka.

Na ce, "Baba, kowa fa shuka yake yi."

Ya ce, "Wannan ruwan sama-sama ya jiƙa. In irin nan ya tsiro ya ƙone, me zan ba ku?"

Muka juyo gida, maƙwabta suna mana dariya, ina ta kuka don kunya. Kusan wata guda ba a sake ruwa ba, shukarsu duk ta mutu.

Yau ni mutanen gari suke tambaya ranar shuka. Nakan ba su amsa, amma kullum ina jin da ma Baba na nan in fara tambayarsa.