Isnadin Babi na Tara

Saura kwana goma a yi jarrabawar ilimin hadisi, labarin ya iske ɗalibin da ake yi wa laƙabi da Sarkin Hadda a bakin famfon masallacin kwaleji yana tsakiyar alwala. Abokin ɗakinsa ne ya sunkuyo ya raɗa masa cewa tambayoyin Malam duk daga babi na tara za su fito.

Da wani ɗalibin ne, da ya yi hamdala ya wuce. Amma Sarkin Hadda shekararsa huɗu a layin gaba. Shi ke riƙe wa Malam jaka, shi ke goge allo, shi ke shiga ofis ba sai ya jira a ƙofa ba. Duk shekara sashen kan riƙe ɗalibin da ya fi kowa maki ya zama mataimakin malami, shi kuwa tuni ya ce wa mahaifiyarsa ta fara addu'ar kujera. Ga shi kuma zango guda Malam ya yi yana cusa musu abu ɗaya: ba a karɓar labari sai an san wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma yaya halinsa yake.

Sai ya ɗauki biro da takarda ya shiga bin sawu.

Abokin ɗaki ya ji daga ladanin ɗalibai, mutumin da ko ƙaryar wasa ba ya yi. Ladan ya ji daga mai kula da ɗakin karatu, dattijon da ya shekara ashirin bai taɓa mance wanda ya ari littafi ba. Gaskiya ta samu, kaifin tunani ya samu. Washegari wakiliyar aji ta zo da labarin ta wata hanya dabam, daga ɗakin kwanan mata, ko kalma ba ta canza ba. Hanya biyu kenan, kowace tana ƙarfafa 'yar'uwarta.

Ya sami dattijon yana jera littattafai a kanta, ya gaishe shi.

"Baba, kai daga wa ka ji?"

"Ni ma gaya mini aka yi, ɗana. Amma an ce tushen maganar wani ne na jikin Malam, mai shiga ofis yadda ya ga dama. Suna kam ban tambaya ba, kada a kori ɗan mutane ta bakina."

Nan abin ya soke shi. Ashe akwai wanda ya fi shi kusa da Malam? Ya bi 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya a ransa, ya tsaya a kan wani mai tabarau da ya fara yawan gaishe da Malam kwanan nan. Tun daga ranar ya daina amsa masa sallama da fara'a. Ya so ya tambayi dattijon wa ya kawo masa maganar, amma ya ji ba zai iya jure jin sunan ba. Ya rubuta "sahihi" a ƙasan takardarsa, ya ja layi biyu.

Da aka ji Sarkin Hadda ya inganta labarin, ajin gaba ɗaya ya rufe babi takwas ya ajiye. Shi ma ya ga sa'arsa: littafin da ya gada daga yayansa ya yage daga ƙarshe, amma makonni da suka wuce ya riga ya yi fotokwafin shafukan babi na tara da suka ɓace. Ya haddace su har da lambar shafi.

Ranar jarrabawa aka raba takarda. Tambaya biyar, babu ko ɗaya daga babi na tara. Sarkin Hadda ya rubuta bismilla da kyakkyawan rubutu, ya daɗe yana kallonta.

Bayan mako guda Malam ya tara su, takardun a gabansa, jan biro ya yi musu ado.

"Na ji an ce kun sami ruwaya," in ji shi cikin sanyin murya. "Kafin mu bi ta, me ya dace a yi wa wanda ya fara ta?"

Sarkin Hadda ya miƙe tun kafin a ba shi izini, yana satar kallon mai tabarau.

"Allah ya gafarta Malam, a liƙa sunansa a allon sanarwa, kuma a cire shi daga cikin waɗanda sashe zai duba bana. Duk kusancinsa da kai."

Malam ya rubuta hukuncin a allo, ya sa shi ya maimaita, sannan ya fara kira. Abokin ɗaki ya nuna ladan. Ladan ya ambaci dattijo. Aka kira dattijo, ya ce matar da ke fotokwafi a ƙarƙashin bene ce ta gaya masa. Wakiliyar aji ta ce ai matan ma wurinta suka ji.

"Hanyoyinku biyu ashe ɗaya ce," in ji Malam, ya aika a kira mai fotokwafin.

Ta shigo tana goge baƙin tawada a gefen mayafinta, ta gaida Malam, ta duba ajin, fuskarta ta washe da ta kai layin gaba.

"Ni ban ga takardar jarrabawa ba, Malam," ta ce. "Wannan ɗan naka mai riƙe maka jaka ne ya kawo mini babi na tara shi kaɗai. Na ce sauran fa? Ya ce shi wannan kawai yake buƙata kafin jarrabawa."