Ruwan Ba-Ruwana

Ka taɓa ganin abin da ba ya goyon bayan kowa a duniyar nan? Malamin falsafa, wanda kowa ke kira Dakta, ya rantse ya gani. Shekara huɗu yana rubuta littafi a kai, hujjarsa kuwa tataccen ruwa: ba ya gefen tsami, ba ya gefen kanwa. A ma'aunin masana sinadarai, mai tashi daga sifili zuwa goma sha huɗu, yana tsaye cak a kan bakwai. In ruwa zai iya, in ji Dakta, alƙali ma zai iya.

Farfesar sinadarai, wadda jami'a ta haɗa su bincike ɗaya alhali ko ga-maciji ba sa yi, ta ce tatsuniya ce. Ta ba shi teburi a ɗakin gwajinta, ta ba shi kwana goma. Ya nuna wa ɗalibai bakwai ɗin nan ko sau ɗaya, ita kuwa ta sa hannu a littafinsa.

Mai tace ruwa da wanke kwalaben ɗakin wani dattijo ne. Shekararsa talatin a wurin, saura wata biyar ya yi ritaya. Ana ce masa Ba-Ruwana, don ba a taɓa jin bakinsa a rigimar manya ba.

Ranar farko ya kawo ruwan a rufe. Dakta ya fizge murfin.

"Ba a rufe gaskiya, Baba."

Ya sa aka kulle tagogi saboda ƙura. Ya tara ɗalibai, ya dafa teburi da hannu biyu, ya sunkuya a kan kofin gilashin, ya zuba jawabin minti ashirin a kan adalci. Sannan ya tsoma bakin na'urar awo.

Shida da ɗigo ɗaya. Ruwa ya karkata gefen tsami.

Wani ɗalibi ya yi tari mai kama da dariya. Kashegari Dakta ya ƙara tsawon jawabi don ya wanke kunyar jiya, awo ya ba shi biyar da ɗigo takwas. Rana ta uku da ta huɗu abin sai ƙara lalacewa yake. Farfesa na jingine da ƙofa, hannu a aljihun farar riga, tana murmushin da ya fi zagi ciwo.

Dakta ba yaro ba ne. Ya san ruwa ba ya tsami banza. Wa ke tace shi? Wa ke wanke kofin? Wa ke riƙe da makullin kabad ɗin asid, sinadarin nan mai tsami? Kuma dattijon nan yaron wa ne, in ba na Farfesa, waccan kanwa uwar gamin ba?

"Ranka ya daɗe," in ji dattijon rana ta biyar, "da za a ɗan..."

"Wa ya tambaye ka? Ka ƙare da wankin kwalba ka koma koyar da ni? Tsohon banza, munafuki!"

Ba-Ruwana ya koma bakin famfo.

A ranar Dakta ya rubuta ƙara shafi uku: zagon ƙasa, cin amanar bincike, a kore shi. Shugaban tsangaya, masanin tarihi da rabonsa da ɗakin gwaji tun sakandare, ya tambayi Farfesa abin da ta sani.

"Na sani sarai," ta ce. "Amma ba ni koyar da darasin 'yan aji ɗaya ga mai digiri uku. Ya cika kwana gomansa."

Ita nasara take jira, shi Dakta fansa. Dattijo kuwa aka karɓe makullansa, ya zauna a benci a baranda kwana huɗu, ɗaliban da ya saba ara wa safar hannu suna wucewa suna kau da kai.

Rana ta goma aka yi zama a ɗakin gwajin, takardar kora a gaban shugaba. Wannan karon Dakta bai yarda da hannun kowa ba. Shi ya wanke kofi, shi ya tace ruwa, shi ya tsoma na'ura nan take. Lamba ta tsaya daf da bakwai.

"Kun gani!" Ya buga teburi. "Da aka cire hannun ɓarawo, ga gaskiya ta fito!"

Daɗin nasara ya kwashe shi. Ya sunkuya a kan kofin, yana nuna dattijon da ke tsaye can bakin ƙofa, hannuwa a baya. Ya tono masa tun daga furfura har takalmi. Ya ce irinsu ne ke kashe ilimi, ya ce kora ma sassauci ce. Jijiyar wuyansa ta miƙe, gilashin kofin har ya yi gumi. Shugaba ya cire murfin biro.

Sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, lambar tana sauka."

Shida da rabi. Shida. Biyar da ɗigo tara. Babu wanda ya matso kusa da teburin.

"Asiri ne!" Dakta ya daka tsawa, ya manta falsafa. "Daga can ma yana yi!"

Lambar ta ƙara sauka. Shugaba ya ajiye biro, ya ture takardar gefe, ya dubi dattijon.

"Baba, shekara talatin kana shiru. Yau yi magana."

Ba-Ruwana ya tako a hankali, ya tsaya nesa da teburin, ya kawar da fuskarsa gefe kafin ya buɗe baki.

"Iskar da ɗan'adam ke fitarwa in ta shiga tataccen ruwa, narkewa take ta koma asid. Ba wanda ya zuba komai a kofin nan, Dakta, ranka ya daɗe. Bakinka ne."