Hasashen Mas'udu

"Mas'udu, ka canka! Direban ne ya kashe yaran!"

Saƙonni sai shigowa suke a gurup ɗin masu bin wani fim mai dogon zango, daga Magarya har Damagaram. Tun farkon zangon ƙarshe Mas'udu na garin Waca yake cewa direban ne, ana yi masa dariya.

Manzo, mai gurup ɗin, ya rubuta: "Fim ya ƙare, gobe zan rufe. Malam Mas'udu, turo murya mu ji ka ko sau ɗaya."

Bahijja ta zuba wa wayar mijinta Mas'udu ido. Tun kafin a fara zangon ya rasu, ita ke rubutu da sunansa. Nan kaɗai ake kiransa ba a ce marigayi ba.