Makarar Jatau Maƙeri

Tun da wata tauraruwa ta fara feso mugun hasken da ido ba ya gani, in jiniya ta yi kuka dole kowa ya shige ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Ana ɗauke da gawar Jatau maƙeri jiniyar ta tashi. Mutane suka dire makara suka watse, saura tsofaffin abokansa huɗu, ciki har da Ɗanlami.

Ɗan sintiri ya sheƙo a guje. "Baba Ɗanlami, ku bar shi! Dubi munduwarka ta gwajin mugun hasken, har ta fara baƙi."

Ɗanlami ya ja hannun riga ya rufe ta. "Ɗana, ba mu taɓa yar da namu a titi ba. Ku kama."

Suka ɗaga makarar suka nufi maƙabarta, ko sauri ba su ƙara ba.