Taken Gidan Jatau

Kai da kake cewa ai 'yar kalma ɗaya ce, mene ne a ciki, gyara zama ka ji. An yi wani mai haɗa kiɗa da na'ura a garinmu, Nafi'u sunansa. Shekara goma sha ɗaya yana cikin wani ɗan shago da ya liƙe bangonsa da kwalin ƙwai, shi da kwamfuta da fiyano, yana ɗora wa mawaƙan biki kiɗa. Hannu kam yana da shi, ba na ci masa haƙƙi ba. Sai dai sunansa bai taɓa wuce bakin tasha ba, abin kuwa yana cin sa.

Yana da kawu, wan mahaifiyarsa, Tunau mai kalangu, wanda ya shekara arba'in yana yi wa mahauta kiɗa a kwata. Tun zamanin Jatau, uban Sarkin Fawa na yanzu, shi ke kaɗa taken gidan, kuma taken cewa yake: "Gidan Jatau, ba a fawar mushe." To, da ɗan Sarkin Fawa zai yi aure, sai ango ya zo wa Nafi'u da aikin waƙar biki. Nafi'u ya ce a ransa, yau ga ranar da zan haɗa na da da na yanzu, duniya ta san da ni. Ya lallaɓo kawunsa ya kai shi shago, ya kafa masa makirufo. Tsoho ya saƙala kalangu a hammata ya kaɗa taken sau uku, tsaf. Da zai fita ya juyo ya ce, "Nafi'u, abin nan magana yake yi, kada ka katse masa numfashi." Nafi'u ya ce to Kawu, yana dariya a ciki. Shi a kunnensa kalangu sauti ne kawai, tashi da sauka, bai taɓa jin kalma ɗaya a ciki ba. Ɗan 'yar'uwar makaɗi ke nan fa!

Da ya zauna aiki sai ya tarar taken ya yi wa kiɗansa tsawo. Na'ura huɗu-huɗu take ƙirga, hannun tsoho kuwa bai san wannan ƙirgen ba, kullum sai ya zarce da bugu biyu a tsakiya. Nafi'u ya duba allo, ya ga 'yan bugun nan biyu ƙanana, ya sa musu almakashin kwamfuta ya cire, ya manne gaba da baya. Kiɗa ya zauna daram. Wallahi ya yi daɗi, har shi da kansa ya tashi ya taka. Tun kafin ranar biki ango ya rarraba wa abokai, waƙa ta shiga waya.

Ranar ɗaurin aure da la'asar aka kafa lasifika a ƙofar gidan Sarkin Fawa aka saki waƙa. Samari suka rufta fili. Nafi'u yana gefe, baki har kunne, sai idonsa ya kai kan dattawan mahauta da ke kan tabarma. Ɗaya ya cire hula ya riƙe. Wani ya tashi ya sa takalmi ya yi tafiyarsa ba sallama. Ashe bugu biyun da Nafi'u ya yanke su ne "ba a". Ga lasifika huɗu suna ta shela a ƙofar mai gida, ba gajiya: "Gidan Jatau, fawar mushe! Gidan Jatau, fawar mushe!" Ka kuwa san babu zagin da ya kai wannan a wurin mahauci, a ce yana sayar wa Musulmi abin da ya mutu ba a yanka ba. Kuma duk dattijon da ke wurin ya gane hannun da ya kaɗa, don hannun Tunau ba ya ɓuya.

Washegari, da aka fassara masa abin da kalangun ke faɗa, Nafi'u ya kinkimi kwamfuta ya je ya durƙusa gaban Sarkin Fawa, ya kunna masa asalin kiɗan, ya rantse laifinsa ne shi kaɗai. Sarkin Fawa ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na yarda, ɗana. To, waya nawa za ka bi ka kunna wa wannan?" Nafi'u ya goge tasa waƙar, ya roƙi ango ya goge, amma ina! Waƙa ta riga ta shiga mota ta bar gari. Masu jin haushin gidan Jatau suka samu abin kunnawa a rumfunansu. Ba wanda ya kori Tunau daga kwata, shi ne ya ƙi komawa, ya ce ba shi da idon da zai kalli mutanen nan. Ya rataye kalangu a ƙusa a zaurensa, har tsarkiya ta bushe ta tsintsinke. Bai zagi Nafi'u ba, ko sau ɗaya. Da ma ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Tsoho bai ƙara damina biyu ba ya rasu.

Abin baƙin cikin, waƙar ce ta fito da sunan Nafi'u. Har yau in ka shiga kasuwar waya za ka ji ta, matasa na gyaɗa kai ba su san me ake faɗa ba. Shi kuwa yanzu kunnensa ya buɗe, ya iya jin kalangu sarai. Duk inda aka kunna, tsayawa yake ya ji hannun kawunsa yana zagin mutanen da ya shekara arba'in yana yabo, kuma babu maɓallin da zai danna ya mayar da "ba a" mazauninta.

Shi ya sa Hausawa suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.