Zoben Bijimi a Goshin Jirgi

Tunda ka ce ƙaramin abu ne, bari in ba ka misalin wani manomin albasa a bakin kogin Kwara, can wajen Yauri. Shekara da shekaru yana zaman jiran masu jirgi su ga dama su tsallakar masa da kaya kasuwa, har Allah ya hore masa ya sa aka ƙera masa nasa. Fenti kala uku, filafili sabo fil don iska ta tura shi, igiya mai kaurin damtse, har kirari ya sa aka rubuta a gefe. Abu guda ya rage, ƙarfen da za a kafa a goshin jirgin a riƙa ɗaura igiya. Maƙerin garin ya nemi kwana uku. Ya ce zai ƙera mai kauri wanda zai huda katakon ya ɓulla ta ƙasa, a tare shi da faifan ƙarfe, a ɗaure tamau. Manomi ya ji kwana uku kamar shekara, ga kasuwa gobe. Sai ya koma gida ya ciro zoben turken bijiminsa, ya ɗora a saman katako, ya danne shi da ƙusa huɗu da ya lanƙwasa. A tunaninsa, abin da ya riƙe bijimin huɗa shekara biyar, ruwa ne zai fi ƙarfinsa? Maƙeri ya ce masa, "Malam, bijimi in ya ja ya gaji kwanciya yake yi. Kogi ba ya kwanciya." Manomi ya yi dariya ya ci gaba da buga gudumarsa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, da kayansa kaɗai ya loda, da sai mu ce shi ya jiyo. Amma albasar gida bakwai ya ɗauka, har da buhu huɗu na wata tsohuwa maƙwabciyarsa, wadda ta kwashe rani tana ban ruwa da guga. Kyan fenti suka gani suka amince. Shi da masu kayan suka isa lafiya, ya ɗaure jirgi a gungumen bakin gaɓa, aka bar albasa a ciki, kowa ya haura kasuwa neman mai saye. Wajen azahar hadarin farko ya taso daga gabas. Iska ta riƙa jan jirgin baya tana fizgowa, ja, fizga, ja, fizga, ƙusoshin nan suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya sheƙo a guje, ya tarar da igiyarsa lafiya lau a jikin gungume, ko zare bai tsinke ba, zoben bijimi yana reto a bakinta. Jirgin kuwa ya kai tsakiyar ruwa, ya ba iska gefe, ya kife a kan idon kowa. Albasa ta watsu, kogi ya yi jawur. Tsohuwar nan ta iso tana haki, ta tambaye shi ina buhunanta. Bai iya duban idonta ba, sai cewa ya yi ƙaddara ce. Ƙaddara! Mutum ya ƙi jiran kwana uku, ya zubar da guminta na rani guda a ruwa, sannan ya buɗe baki ya ce ƙaddara.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.