Dunƙulen Ulu a Bakin Zane

Tunda ka ce gobe za ku buɗe ɗakin tsohuwarku ku fitar da kaya, zauna in ba ka wani misali, ɗan'uwa. Ba dogo ba ne.

An yi wata mata mai saƙa da ɗinkin hannu, ta rasu ta bar ɗa guda da ɗaki cike da kaya. Ƙyallayen atamfa a buhu, ragowar shadda a kwalla, ulu kala-kala a tsofaffin gwangwanayen madara, har ƙarƙashin gado babu masaka tsinke. A kan filonta kuma ga bargon jariri da ta fara wa jikan da ke cikin matar ɗan nata. Ta kai rabi, kwarashi na soke a inda hannunta ya tsaya. Saƙar wata iri ce, gida-gida kamar ta zuma, ba wadda ta iya ta a garin sai ita da aminiyarta, wata tsohuwa da suka tsufa a kan tabarma ɗaya. Da aka share makoki, tsohuwar ta ɗaga bargon ta kara a fuskarta, ta ce, "Ɗan nan, wannan nawa ne in ƙarasa. In Allah ya yarda a ciki za a naɗe jaririn ranar suna." Ran nan ne ɗan marigayiyar ya fara cin abinci ya ji ɗanɗanonsa.

Sai mata suka taru don a rarrabe kaya. Aka yi kashi-kashi: na gado, na sadaka, tarkacen da za a cusa a matashi, da na mutanen da suka kawo ɗinki ajali ya riga shi. Marigayiyar ba ta rubutu. Kowane ƙunshi ɗan ƙyalle take ƙulla masa a baki don ta gane mai shi, kuma bayan ita ba mai karanta ƙullin nan sai aminiyar. Ita ce za ta juya ƙunshi ta ce na wance ne, a miƙa wa wance. Ɗan yana tsaye bakin ƙofa, ya ga kason mutane na yin tudu, na uwarsa na ƙanƙancewa. Sai zuciya ta fara yi masa raɗa. Yaushe maƙwabciyar nan, da ko dubiya ba ta zo ba, ta kawo leshi har turmi guda? Me ya sa in ya shigo hira ke mutuwa? Ka san mutuwa, in ta ɗauke maka mutum sai ka ga kamar kowa ma ɗauka ya zo yi. Ya daina fita kasuwa, ya jawo kujera ya tare ƙofa. Ba ya kallon fuskoki, hannaye yake kallo. Mace in ta gyara mayafi idonsa na kai, in ta sunkuya gyaran goyo ya miƙa wuya.

Mai nema yana tare da samu. Wata la'asar ya ga tsohuwar ta ɗauki wani ɗan dunƙulen ulu ruwan makuba, ta riƙe shi ta daɗe, sannan ta ƙulle a bakin zanenta. Ya bari sai da ta dafa bango ta miƙe za ta tafi, a gaban matan nan duka ya ce, "Inna, dakata. Kwance bakin zanenki." Ta dube shi, ta kwance. Dunƙulen ya faɗi, ya gangara yana warwarewa har ya tsaya a ƙafarsa. Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ga shi nan, ɗan nan. Duba ko ya ragu." Ta zura takalmanta ta fita. Matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, wasu ko nasu yadin ba su tsaya ɗauka ba.

Har yau ba wanda ya san dalilinta. Wasu sun ce kasuwa za ta kai shi ta nemo irin launinsa saboda bargon. Wasu sun ce shi ne na ƙarshe da marigayiya ta naɗe da hannunta. Wasu kuma sun ce son zuciya ne kawai, tsufa ba ya hana shi. Ko ma wanne ne, ulun bai kai farashin kunun safe ba. Da cikin matarsa ya tsufa ya aika dattawa wurin tsohuwar ban haƙuri. Ta ce ta yafe duniya da lahira, sai dai idonta ya daina ganin bakin kwarashi. Ya ɗauki bargon ya zaga masu saƙa, kowace ta juya shi gaba da baya ta girgiza kai. Ɗaya ta gwada, ta ɓata layi, ya ƙwace da sauri kafin ta warware na uwarsa.

Ɗakin kam ya gyaru. An share, komai a kammale, ko allura ba ta ɓace ba. Ranar suna aka naɗe jaririya a tawul na kanti, uban kuma ya shiga ɗakin da ba kowa, ya zauna da rabin bargo a cinya.

Gobe, in mata suka zo, ka bar musu ƙofa. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido.